Ruwan Kududdufi, Hanci da Ido: Shawara ga Manoman Bena da Iyayen Yara

A shekarar 1980 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka fitar da labarin wani manomi da aka kawo musu da ciwo irin na sanƙarau. Da aka ɗebi ruwan ƙashin bayansa aka duba, ba ƙwayar sanƙarau aka tarar ba, wata 'yar halitta ce mai motsi, amiba mai suna Naegleria fowleri. Da aka bi diddigi sai aka gano mutumin yana alwala da ruwan wani kududdufi da aka haƙa a gonarsa, yana shaƙa shi a hanci kafin salla. Shekara guda kafin nan, Dokta R. V. Lawande da abokan aiki sun ba da rahoton wani yaro a Zariyar dai, wanda babu labarin ya shiga ruwa, ciwon ya kama shi ana tsakiyar hunturu, har suka zargi ƙura. An yi masa magani, amma bai yi rai ba.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini ruwa ya kwanta a ciki, da tafkin da shanu ke sha, da ƙoramar da ta tsinke bayan damina ta bar guntayen ruwa mai ɗumi, duk akwai su a Bena da Wasagu da sauran ƙauyukan ƙasar Zuru, kuma nan ne mazaunin wannan halitta. Ba ta buƙatar jikin mutum don ta rayu, a laka da ruwa take kiwonta, tana cin ƙananan ƙwayoyin da ta samu. Idan ruwa ya ƙafe sai ta yi wa kanta ɓawo ta kwanta, kamar yadda gaiwa ke binne kanta a laka har damina ta dawo. Kada a haɗa ta da amibar da ke sa atuni. Waccan ta hanji ce, Flagyl na kashe ta. Wannan kuwa Flagyl ba ya yi mata komai.

Kafin mu yi nisa, bari in kwantar da hankali. Cutar ba ta da yawa. Dubban yara ke tsunduma a tafkuna kowace rana su fito lafiya lau. A Amurka, inda ake ƙirga abin da kyau, daga 1962 zuwa 2023 mutum 164 aka tabbatar sun kamu. Abin da ya sa ake tsoronta shi ne a cikin waɗannan, huɗu kacal suka rayu. A wurinmu kuma akwai ƙarin damuwa: tana zuwa da kamannin sanƙarau sak, don haka ina kyautata zaton akan binne wasu da sunan sanƙarau alhali ba shi ba ne.

Ƙofarta ɗaya ce, hanci. Mutum zai iya shan ruwan da take ciki ba ta yi masa komai ba, domin ruwan ciki na kashe ta. Ba a ɗaukarta daga wani, ko da kai ke jinyarsa. Amma idan ruwa ya shiga hanci da ƙarfi ya kai can sama, sai ta kama jijiyar da muke jin ƙanshi da ita, ta bi ta 'yan ƙananan hujin da ke ƙashin rufin hanci, ta faɗa ƙwaƙwalwa. Tana son zafi, tana hayayyafa har a ruwan da ya kai digiri 46. Ke nan lokacin haɗari a nan shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ruwa ya ja baya ya yi ɗumi, yara kuma ba su da wajen shan iska sai cikinsa.

To, maganar alwala. Na san wuri ne da ake taɓawa da ladabi, amma dole a taɓa. A birnin Karachi na Pakistan, tun daga 2008 ake rasa rayuka da wannan cuta lokacin zafi, kuma yawancin waɗanda ta kama ba iyo suka yi ba, ruwan famfo ne da ba a sa masa isasshen kulorin ba suka yi alwala da shi. Ba laifin alwala ba ne, laifin ruwa ne. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, shaƙa ruwa da facewa suna cikin sunnonin alwala, ba cikin farillanta ba, duk wanda ya karanta Ahalari ya san haka. An kuma san mai azumi ba ya kai matuƙa wajen shaƙa. Saboda haka, Malam, idan za ka gona ka cika butarka daga gida da ruwan da aka tafasa ya huce. Minti guda yana tafasa ya wadatar. Idan ruwan ya ƙare, babu abin da ke gabanka sai na kududdufi, kada ka zuƙe shi har ka ji shi a tsakiyar kai. Ka jiƙa bakin hanci ka face. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ya kuma faɗa masa dalilin.

Butar kanta abin dubawa ce. Leƙa cikin wadda ta daɗe a bakin masallaci ko a bayan ɗaki, ka sa yatsa: za ka ji santsi a gindinta, wani lokaci har da kore-kore. Wannan santsin shi ne abincin amiba. A riƙa wanke buta da sabulu, a kife ta a rana ta bushe ƙayau. Haka jarka, haka randa, haka baƙin tankin roba da ke kan gini yana shan rana wuni guda. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe komai. Kulorin na ruwan sha, irin su WaterGuard ko Aquatabs, yana kashe Naegleria idan an bi awon da ke jikin kwalinsa. Iyaye mata masu ɗura wa jariri ruwa a hanci lokacin wanka ko don mura, a daina, sai dai da ruwan da aka tafasa ya huce.

Su kuwa yara, hana su ruwa da bazara magana ce kawai. Abin da zai yiwu shi ne a koya musu su toshe hanci da yatsu in za su yi tsalle, su rage nutso da alkafura a ruwan da ba ya gudu, su bar tonon lakar ƙasan tafki.

Alamun kan bayyana tsakanin kwana 1 zuwa 12 bayan ruwan ya shiga hanci, galibi wajen kwana na biyar. Ciwon kai mai tsanani ta goshi, zazzaɓi, amai, sai wuya ya sandare, haske ya dami mutum, ya fara sambatu ko farfaɗiya, ya suma. Daga fara ciwo zuwa rasuwa sau da yawa kwana biyar ne. Duk wanda ya ga annobar sanƙarau ta 2017, wadda ta taso daga Zamfara ta shiga Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja ta ci rayuka sama da dubu, zai ce ai wannan sanƙarau ne. Kuma mafi yawan lokuta gaskiyarsa, sanƙarau ɗin ne, shi ma kuwa ba ya jira. Matakin farko ɗaya ne a duka biyun: asibiti, a ranar. Ba kemis ba, ba turare ba, ba a bari sai gobe a ga yadda zai kwana. Kowa ya san halin da hanyoyin Danko-Wasagu suke ciki da dare, don haka in ciwon ya nuna da hantsi kada a jira la'asar. Allurar rigakafin sanƙarau mai kare iri biyar, wadda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024, tana da matuƙar amfani, sai dai ba ta kare mutum daga amiba.

Abin da dangi za su iya yi wanda likita ba zai iya yi musu ba shi ne ba da labarin ruwa. Ba lallai a tambaye ku ba, ku faɗa da kanku: "Likita, yaron nan ya yi iyo a tafki kwana huɗu da suka wuce," ko "Baba da ruwan kududdufi yake alwala a gona." Wannan jimla guda tana iya sauya abin da za a nema. Idan an ce za a ɗebi ruwan ƙashin baya, kada ku ƙi. Mutane na cewa shi ke kashe majinyaci ko ya shanye masa ƙafa. Gaskiyar ita ce waɗanda ake yi wa gwajin dama ciwonsu ya yi nisa. Ga ma'aikatan ɗakin gwaji kuma, ba a buƙatar wata na'ura mai tsada don a fara zarginta. A ɗiga ruwan a gilashi yana sabo, kada a sa shi a firji domin sanyi na tsayar da motsinta, a duba da madubin likita. Ruwa mai kama da na sanƙarau, cike da ƙwayoyin mugunya, amma babu bakteriya, sai wani abu na jan jiki: a gaggauta gaya wa likita.

Magani ba ɗaya ba ne, haɗi ne, kuma sai babban asibiti. Ginshiƙinsa amfoterisin B, ana ba da shi ta jijiya, wani lokaci har ta ƙashin baya. Ana haɗa shi da rifamfisin da fulukonazol da azitiromaisin da miltefosin, a ƙara dekzametazon don kumburin ƙwaƙwalwa. Amfoterisin na wahalar da ƙoda, dole a riƙa auna jini. Wata yarinya 'yar shekara 12 a jihar Arkansas ta Amurka ta rayu a 2013, bayan an gano cutar da wuri, aka ba ta wannan haɗi har da miltefosin, aka kuma sanyaya jikinta don rage kumburi. A jihar Kerala ta Indiya, inda ciwon ƙwaƙwalwa na amiba iri-iri ya yawaita a 2024 da 2025, gwaji da wuri da tanadin miltefosin sun sa an ceci mutane da dama. Miltefosin ba abu ne da za a samu a kantin magani na gari ba, asalinsa ma na wata cuta ce daban. Daga Bena, in asibitin kusa ko na Zuru sun ce a wuce, to Birnin Kebbi ne ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma a tafi da takardar da aka rubuta abin da aka riga aka ba majinyaci.

Akwai wani nau'in mai tafiyar hawainiya, wanda Acanthamoeba ko Balamuthia ke haddasawa. Shi makonni yake ɗauka ko watanni: ciwon kai da ba ya tafiya, sauyin hali, farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki. Acanthamoeba ta fi kama wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, mai ƙanjamau ko mai ciwon suga da ya yi tsanani. Balamuthia na iya kama mai lafiya, takan kuma fara da wani tabo mai kauri a fuska ko gwiwa, mara zafi, da ya ƙi jin magani. Irin wannan tabo a kai shi a yanki ɗan kaɗan a auna tun bai kai ga ƙwaƙwalwa ba.

Yanzu ga wanda na fi jin tsoron ya sami manomi a ƙasar nan: na ido. Shi ba ya kisa, makanta yake kawowa. Acanthamoeba ba ta iya huda lafiyayyen ido cikin sauƙi, sai ta sami ƙwarzane a tantanin nan mai sheƙi da ya rufe baƙin ido. A Turai da Amurka yawancin masu kamuwa masu manna gilashi a ƙwayar ido ne. A ƙauyukan Indiya kuwa manoma ne da wani abu ya soke su a gona. Mu da su muka fi kama. Da kaka ana yankan dawa, ganyen kara ya shafi ido. Ana sussuka ko ana tsaye bayan injin casar shinkafa, ƙaiƙayi ya faɗa. Mutum ya murza da hannu mai ƙasa, ya gangara fadama ya kamfaci ruwa ya wanke. A nan aka haɗa rauni da ƙwayar cuta wuri guda.

Abin yi a take: kada a murza. A zuba ruwa mai tsabta da yawa, wanda aka tafasa ya huce ya fi, in babu shi a yi da ruwan leda da ba a buɗe ba, ya dai fi na fadama nesa. Idan aka kwana ido na suka, yana hawaye, ba ya son haske, a je asibiti a ranar a ɗiga masa kalar da ke nuna ƙwarzane, a ba da man ido mai kashe ƙwayoyin cuta. Kada a sa kwalli, kada a sa nonon mace, ko ruwan albasa, ko ruwan ganye, ko suga, balle fitsari. Tabarau na roba irin na masu walda, mai haske, ya kamata duk mai aiki a injin casa ya mallake shi.

Gyambon ido bayan raunin gona ya fi zama na bakteriya ko na fumfuna. Amiba ita ce ta ƙarshe a yawa. Ana zarginta ne idan zafin ya fi ƙarfin abin da ake gani, mutum ya kasa barci alhali idon bai yi muni sosai ba, idan an yi mako ɗaya ko biyu ana ɗiga magani babu sauƙi, ko kuma wani farin zobe ya fito ya kewaye tsakiyar baƙin ido. Zoben nan alama ce ta cewa an makara, kada a jira shi. Tabbatarwa sai likitan ido ya kankari ɗan kaɗan daga gyambon an duba ko an shuka shi a ɗakin gwaji. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da sashen ido na asibitocin koyarwa na Sakkwato da Shika, su ne irin wuraren da za a nufa.

Maganinta ɗigo ne, amma mai wahala. Ana amfani da PHMB ko kulohekzidin mai ƙarfin kashi 0.02 cikin ɗari, wani lokaci a haɗa da furofamidin. Kwana biyun farko kowace awa ake ɗigawa, dare da rana, don haka sai an sami mai taya majinyaci raba dare. Daga nan a koma kowace awa da rana kaɗai, sannan a riƙa ragewa sannu a hankali. Jinyar kan ɗauki wata uku zuwa shida, wani har shekara. Dalili shi ne ɓawon nan: ɗigon na saurin kashe amibar da ke yawo, amma wadda ta rufe kanta sai an daɗe ana bi. Nan ne mutane ke faɗuwa. Zafi ya tafi bayan mako uku, kuɗin mota ya yi yawa, sai a ajiye kwalba, bayan wata guda ciwon ya dawo ya fi na da. Likita ne kaɗai zai ce a tsaya. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da wani ɗigon PHMB mai ƙarfin kashi 0.08 mai suna Akantior, amma a yawancin wurare har yanzu masu haɗa magani na asibiti ne ke shirya ɗigon. Idan gyambon ya warke ya bar hakiya a tsakiyar ido, ko ya huje, sai dashen tantani, aikin da ba kowane asibiti ke yi ba.

A nan akwai gargaɗin da nake so kowace uwar gida ta riƙe. Kulohekzidin ɗin da ake ba masu jego don cibiyar jariri, mai lamba 7.1 a jikinsa, ba na ido ba ne ko kusa. Ya ninka na ido ƙarfi sau ɗaruruwa, yana ƙona ido ya makantar. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa bayan an sami fiye da mutum 40 a ƙasashen Afirka tara da aka ɗiga musu shi a ido bisa kuskure. Kada wani ya ji sunan magani a wannan shafi ya ce zai tsarma na cibiya da ruwa ya gwada.

'Yan mata da amare, ku ma da ku. Gilashin nan mai launi da masu kwalliya ke manna wa a ƙwayar ido ranar biki ya fara zama ado, kuma gilashin mannawa a ido, mai launi ko mara launi, shi ne babbar hanyar wannan cuta a duniya. Ruwa ba ya taɓa shi, ko na famfo ko na leda, sai ruwan wankinsa na musamman. Ba a alwala ko wanka da shi, ba a barci da shi, ba a aron na ƙawa. Idan mai kwalliya ta ciro shi daga kwalbar da aka riga aka buɗe, ki ce kin gode, a bar idonki yadda Allah ya yi shi. Wadda ta sa, ido ya yi ja yana zafi, ta cire nan take, ta tafi asibiti da gilashin da mazubinsa, domin ana iya samun ƙwayar a jikinsu.

Maganata ta ƙarshe ga 'yan'uwa masu kemis a Bena, musamman ranar kasuwa da mutanen ƙauye ke shigowa da jan ido suna neman "mai ƙarfi". Ɗigon da ke ɗauke da sitiroyid, irin su Betnesol-N da Maxitrol, da duk wanda sunan sinadarinsa a jikin kwali ya ƙare da harufan sone ko lone, yana ɗauke ja da zafi cikin kwana biyu, mai ciwo ya dawo yana sa muku albarka. A ƙarƙashi kuwa ya kwance wa ido garkuwa, amiba da fumfuna suna ci gaba da cinsa ba a ji. Kafin ku miƙa kwalba, ku haska fitilar waya a idon. In kun ga farin ɗigo a kan baƙin, ko mutum ya ce kara ne ya soke shi, ko ƙaiƙayi ya faɗa masa, kada ku sayar. Ku rubuta masa a takarda ranar da ya ji raunin, ku ce ya kama hanyar asibiti tun rana ba ta yi ba. Allah ya tsare mana ganinmu.